Rawani a Kan Wanda Ya Ci Amana: Darasi Kan Lambobin Girma

Duk wanda ya tashi a wajenmu, Tsiga ko Bakori ko Funtuwa, ya san cewa idan manomi ya sayar da masara ko auduga ya kai kuɗin banki, guminsa na damina guda ya miƙa wa mutanen da bai taɓa gani ba. To, idan shugaban bankin ya jefa dukiyar jama'a cikin halaka, alhali gwamnati ta riga ta rataya masa lambar girma, me ya kamata a yi da lambar? Darasinmu na yau ke nan.

Abin da ya faru a Ingila

Fred Goodwin ya shugabanci bankin Royal Bank of Scotland. A 2004 Sarauniya Elizabeth ta ba shi muƙamin Sir saboda hidimarsa ga harkar banki. Wannan muƙami ba baƙo ba ne a Arewa, shi ne wanda aka ba Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sarkin Katsina Usman Nagogo. A 2007 Goodwin ya jagoranci sayen bankin ABN Amro na ƙasar Holan da tsada, daidai lokacin da kasuwar kuɗi ta duniya ta fara tangal-tangal. A 2008 bankinsa ya tafka asarar fam biliyan 24, gwamnati ta zuba kimanin fam biliyan 45 na masu biyan haraji don kada ya rushe. A farkon 2012 Sarauniya ta soke muƙamin bisa shawarar wani kwamiti da aikinsa ke nan, duba waɗanda suka zubar da mutuncin lambarsu.

Ku lura fa, babu kotun da ta sami Goodwin da laifi. Shi ya sa har a can aka yi ta gardama. Wasu suka ce ya cancanta, tunda abin da aka yaba masa a kai shi ne ya rushe a hannunsa. Wasu suka ce an huce haushi a kan mutum ɗaya ne, aka bar 'yan siyasa da masu sa ido da suka yi barci.

Tsarin Najeriya

Namu lambobin sun samo asali daga dokar 1964. Jeri biyu ne, kowanne da hawa huɗu. Na Tarayya: GCFR, CFR, OFR, MFR. Na Kogin Neja: GCON, CON, OON, MON. Bisa al'ada GCFR ta shugaban ƙasa ce, GCON kuma ta mataimakinsa da manya irin su shugaban Majalisar Dattawa. Dokar ta buɗe ƙofar ƙwace lamba daga wanda halinsa ya saɓa wa darajarta. Iko dai akwai shi.

A watan Agusta 2009, Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba naira biliyan 420 don ceto su. Cikinsu akwai Cecilia Ibru ta Oceanic Bank, mai lambar MFR. A Oktoba 2010 ta amsa laifi a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, aka yanke mata wata shida, aka ƙwace kadarori na kimanin naira biliyan 190. Sai da aka kai Satumba 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya ce a tattaro sunayen masu lambar da mutuncinsu ya zube don a karɓe. Kun ga bambancin: can an tuɓe wanda kotu ba ta kama ba, nan kuwa shekara biyu bayan hukunci ana batun haɗa sunaye.

Amma gaggawa ma tana da nata haɗarin. An ɗaure Bode George a 2009, mutane suka yi ta kiran a ƙwace lambarsa, sai ga Kotun Ƙoli ta wanke shi a 2013. Saboda haka ana buƙatar ƙa'ida a rubuce, da ba mutum damar kare kansa.

Abin da muka gada

Mu Hausawa ba a Ingila muka koyi wannan ba. Wanda ya naɗa rawani yana iya warware shi. A 2003 Sarkin Kano Ado Bayero ya tuɓe Aminu Babba Ɗan'agundi daga sarautar Sarkin Dawaki Maituta, aka yi ta shari'a har 2020, Kotun Ƙoli ta tabbatar da tuɓewar. A 2022 kuma, da Sarkin 'Yandoto a Zamfara ya naɗa wa Ado Aleru, wanda ake nema kan ta'addanci, sarautar Sarkin Fulani, jama'a suka yi ca, gwamnati ta dakatar da sarkin. A nan mai bayarwa ne ya ɗanɗana kuɗarsa.

Darussa uku

Na ɗaya, lambar girma shaida ce da al'umma ta bayar a kan mutum. Idan shaidar ta zama ƙarya aka bar ta, darajar sauran masu riƙe da ita ce ke raguwa. Chinua Achebe ya ƙi karɓar CFR sau biyu, a 2004 da 2011, don nuna ɓacin ransa da yadda ake tafiyar da ƙasa.

Na biyu, ƙwace lamba ba ya maido da kuɗin kowa. Ma'aikacin da ya rasa aiki da ƙaramin mai hannun jari ba su ci komai daga soke Sir ɗin Goodwin ba. Shari'a da ƙwato dukiya su ne gaba.

Na uku, gyara tun wajen bayarwa yake. An yi saurin yaba wa Goodwin yana kan kujera, ba a jira an ga ƙarshen aikinsa ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma ƙungiyoyin ɗalibai muna raba lambobin yabo, kuma wallahi kowa ya san sau da yawa wanda ya ba da kuɗin taro ake kira. Ina ba majalisar ɗalibai shawara ta rubuta sharuɗɗa: wa ya cancanta, wa zai tantance, yaya za a janye idan mutum ya ci amana. Ku kuma masu karanta akanta da harkar banki, gobe ku ne a bayan kanta. Kuɗin masarar manomin Tsiga a hannunku zai kwana. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.