Altanetar Mota ta Fara Gazawa: A Gyara ko a Canza?

Sana'ata gyaran wutar mota, kuma a cikin ayyukan da ake kawo mana gareji ba na jin akwai wanda ake zubar da kuɗi a banza a kansa kamar matsalar caji. Mota ta ƙi tashi da safe, a tura ta, a sayi sabon batir, bayan 'yan kwanaki shi ma ya kwanta. Sai a ce ai altaneta ce, a ciro ta a ajiye gefe a sayo wata. Wani lokacin a dace, wani lokacin kuma tsugune ba ta ƙare ba, domin tun farko ba a gano inda ciwon yake ba. Abin da nake so mai mota ya riƙe shi ne: ba a yanke hukuncin gyara ko canji sai an auna, an buɗe, an ga abin da ya lalace.

Aikin batir shi ne ya juya kik ya tayar da inji. Da zarar inji ya tashi, altaneta ce ke ɗaukar nauyin komai: fitilu, fanka, famfon mai, na'urar sanyaya mota, rediyo da kwamfutar mota, sannan ta mayar wa batir abin da ya kashe. Batir randa ce, altaneta kuwa rijiya. In rijiya ta ƙafe, komai girman randa ƙarewa za ta yi. Shi ya sa sabon batir ba ya maganin altanetar da ta daina caji, sai dai ya ɓoye ciwon na ɗan lokaci.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Jar fitila mai hoton batir ta kama a gaban direba alhali inji yana aiki. Fitilun gaba su dushe in mota tana tsaye, su ƙara haske in an taka totur. Gilashi ya riƙa hawa da ƙyar. A ji kuka ko gurnani daga gaban inji, ko warin waya mai ƙonewa. A motoci masu sitiyarin lantarki, sitiyarin ya yi nauyi farat ɗaya. Akwai kuma kishiyar wannan, wato cajin da ya wuce kima: kwararan fitila su riƙa ƙonewa a kai a kai, batir ya yi zafi, ya kumbura, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, abu na farko mita ce. Lafiyayyen batir da ya cika, in an kashe mota ya huta, yana nuna kusan bolt 12.6. In an tayar da inji, ya kamata a ga tsakanin 13.5 zuwa 14.7. Sai a kunna fitilu da fanka da na'urar sanyaya mota, a ɗan taka totur, a sake dubawa. In adadin ya faɗi ƙasa da 13 ya ƙi tashi, caji ya gaza. In ya haura 15, ana dafa batir ne. Sai dai a lura, wasu motocin zamani, ciki har da Honda da yawa, kwamfuta ce ke sarrafa cajinsu, takan sauke shi zuwa 12 da ɗoriya in babu nauyi a kai domin a rage shan mai. Wanda bai san wannan ba zai iya yanke wa lafiyayyar altaneta hukuncin kisa.

Akwai wani gwaji da nake roƙon kowa ya daina yarda a yi wa motarsa: cire kan batir alhali inji yana aiki, wai a ga ko mota za ta mutu. Wannan dabarar zamanin tsofaffin motoci ce da ba su da kwamfuta. Batir shi ke shanye tsallen da wuta take yi. In aka cire shi, wutar na iya yin tsalle ta ƙone diyod, ko ta taɓa kwamfutar mota, wadda takan fi altaneta tsada. Garin neman gira a rasa ido.

Ko da mita ta nuna babu caji, ban cika saurin kwance altaneta ba. Nakan fara duba bel: ya saki, ya tsattsage, ko cikinsa ya yi sulɓi yana zamewa? Nakan duba kan batir, ko farin gari ya taru a kansa. Nakan bi babbar wayar da ta tashi daga bayan altaneta zuwa batir, da babban fis ɗin da ke kanta, da wayar da ta haɗa inji da jikin mota, da ɗan soket ɗin da ke shiga bayan altaneta. A wasu tsofaffin motoci ma, ɗan kwan fitilar batir da ke gaban direba shi ke ba altaneta wutar farko. In ya ƙone, caji ba zai fara yadda ya kamata ba. An taɓa kawo mini motar haya da aka canza wa altaneta ba a ga sauyi ba. Da na ɗaga robar da ta rufe notin babbar waya, sai na tarar kan wayar ya yi kore, rabin silin tagullar sun tsinke, robar ta narke ta manne. Sabon kan waya aka matse aka ɗaure, caji ya dawo. Tsohuwar altanetar da aka cire tana cikin but ɗin motar, lafiyarta lau.

In an tabbatar laifin na ciki ne, sai a ɗora ta a kan benci a buɗe, kuma a nan ne amsar take. A cikinta akwai amaca mai juyawa a tsakiya, da kwayil na wayar tagulla da ya kewaye ta. Akwai kabon guda biyu da ke gogar zobban tagulla suna kai wa amaca wuta. Akwai farantin diyod, aƙalla shida, masu daidaita wutar ta zama irin wadda batir ke karɓa. Akwai ayisi mai tsayar da caji a kan ƙa'ida, sai boris biyu, gaba da baya. Amaca tana juyawa ninki biyu zuwa uku na gudun inji, cikin zafi da ƙura, don haka dole wasu sassan su cinye.

Kabon da boris kayan cinyewa ne, kamar birki. In kabon ya gajarce har sifirin ya kasa danna shi, caji zai riƙa zuwa yana ɗaukewa. In boris ya bushe, za ka ji shi da hannu: ka juya fuli a hankali, ka ji yana ƙaras-ƙaras kamar da yashi a ciki, ko yana girgiɗi. Waɗannan gyara ake yi, kuma gyaran yana ɗorewa in an sa kaya masu kyau. Haka ayisi. A irin Bosch da ke kan Golf, kabon da ayisi a haɗe suke, abu ɗaya ne ake kwancewa daga baya a sa sabo. A irin Denso da ke kan yawancin Toyota da Honda, gidan kabon daban yake a ƙarƙashin murfin baya. Farantin diyod ma ana canza shi. Alamarsa ita ce caji mai rauni, ko batir ya riƙa zubewa cikin dare alhali an kashe komai. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ne kaɗai ya lalace, kwayil da amaca suna da lafiya, kuma altanetar ta asali ce da ta zo da mota, shawarata a gyara. Ta asali da aka gyara da kyau ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba.

Amma akwai inda nake ce wa mai mota ya haƙura. Lafiyayyen kwayil jan tagulla ne mai ƙyalli. In na buɗe na ga ya yi baƙi, fentin da ke jikin wayar yana ɓarewa, warin ƙuna ya daki hanci tun kafin a gama kwance noti, to ta gama aiki. Haka in zobban tagulla sun cinye sun yi kwari mai zurfi, ko wayar amaca ta yanke a ciki, ko gidan ya tsage, ko mazaunin boris ya buɗe har amaca tana gogar kwayil. Akwai gwanayen naɗi da ke sake naɗa kwayil, kuma a kan manyan motoci da tsofaffin da kayansu ke wuyar samu, aikinsu yana da rana. Sai dai naɗi yana bukatar waya mai kaurin asali, da adadin zagaye daidai, da fenti mai jure zafi. In aka rage ɗaya, za ta yi caji a gareji ta ƙone a hanya. Ma'aunin da nake bi shi ne: in abubuwa biyu ko uku sun lalace tare, ko kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin wata mai kyau, ko an taɓa gyara ta ta sake dawowa, a canza.

A duba kuma irin aikin da motar take yi. Wadda ke zagayen cikin gari, in ta tsaya an san inda za a nufa. Wadda ke lodi daga Kano zuwa Maiduguri, ko mai tafiyar dare, ba a yi mata gyaran wucin gadi. Haka motar da sai an kwance abubuwa da yawa kafin a kai ga altanetarta: kuɗin aiki sau biyu ya fi kuɗin canji sau ɗaya.

In an tsayar da shawarar canji, sai a buɗe ido a kasuwa. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, za a samu iri uku: sabuwa ta kamfanin asali, da 'yar Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da sabuwa mai araha cikin kwali mai kyau. Ta farko ta fi, in aljihu zai ɗauka. 'Yar Beljiyam takan yi kyau, amma ita ma ta ci tafiya, kuma akwai wadda aka wanke aka fesa wa fenti aka ce ba a taɓa buɗe ta ba. A duba kan notuna ko sun sha sifana, a leƙa launin kwayil ta ramukan jiki, a juya fuli a saurara. A tafi da tsohuwar a gwada su: ƙafafun ɗauri, yawan layukan fuli, da siffar soket. A karanta lambar da ke jiki da ƙarfinta. Ƙananan motoci sukan ɗauki amfiya 70 zuwa 100, manya kuma har 150 ko fiye. Kada a sa mai ƙarfin da bai kai na asali ba. In ta asali tana da fuli mai kuloci, wanda ke kamawa ta gefe ɗaya ya saki ta ɗayan, a nemi irinsa. Kada a yarda a yanke soket a yi haɗe-haɗen waya don a tilasta wa wata iri ta shiga. Sannan a yi magana da mai kaya a fili tun kafin a biya: kwana nawa ya bayar a dawo da ita in ta ƙi? A karɓi rasit. Ita kuwa mai arahar nan, araha ba ta ado.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa: me ya kashe ta farkon? Baƙin mai da ke ɗiga daga murfin inji, ko man sitiyari, yana jiƙa kabon ya haɗu da ƙura ya zama taɓo. Mataccen batir yana sa altaneta aiki da dukkan ƙarfinta ba hutu har ta ƙone. Batirin da ya zube ƙarƙaf a kai shi caji, kada a bar wa altaneta. Juya wayoyi wajen jona batir da wata mota yana kashe diyod nan take. Bel da aka ɗaure fiye da kima yana cin boris. Feshin ruwa mai ƙarfi a wurin wanki, da manyan sifiku da ƙarin fitilu da suka fi ƙarfin motar, duk suna rage mata kwana. In ba a kawar da sanadin ba, sabuwar ma hanyar tsohuwar za ta bi.

In jar fitilar ta kama kana kan hanya, ka tsaya a wuri mai aminci ka duba bel. In ya tsinke kada ka ci gaba, domin a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa, inji zai ɗau zafi. In yana nan, ka kashe duk abin da ba dole ba, ka nufi gareji mafi kusa ba tare da kashe inji ba.

Ina kira ga masu motoci: ku nemi a auna a gabanku, ku ga adadin da idonku, kuma a nuna muku abin da aka cire. Ina kira ga 'yan uwana masu sana'a: mu riƙe mita, mu faɗa wa mai mota gaskiyar abin da muka gani, wanda zai gyaru mu gyara, wanda ba zai gyaru ba mu ce a canza. Dukiyar mutane da rayukansu amana ce a hannunmu. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu.