Yadda Ake Rikita Lambobin Manhaja Don Hana Satar Fasaha

Duk matashin da ke rubuta manhajar Android a Abuja, a Gwarinpa yake ko a Kubwa, ya kwana da sanin cewa fayil ɗin APK da ya saki a buɗe yake. Mai kwamfuta na iya sauke JADX kyauta, ya warware fayil ɗin, ya karanta kusan komai, ya cire wurin biyan kuɗi, ya watsa manhajar a WhatsApp.

Matakin farko shi ne kunna R8, wanda ke zuwa tare da Android Studio. A fayil ɗin build.gradle za ka mayar da minifyEnabled zuwa true. R8 zai share lambobin da ba sa aiki, kuma aikin da ka raɗa wa suna dubaBiyanKudi zai koma a ko b. Ɓarawo zai tarar da ɗaruruwan haruffa marasa ma'ana.

A nan ake bukatar natsuwa. Wasu sassan ba sa jure canjin suna, manhajar sai ta riƙa mutuwa da zarar an buɗe ta. Ka lissafa su a proguard-rules.pro domin a ƙyale su, sannan ka gwada a waya ta gaske, musamman ƙananan Tecno da Itel da jama'a suka fi riƙewa. Fayil ɗin mapping.txt da zai fito kuwa, ka adana shi kamar takardar fili. Da shi kaɗai za ka gane inda matsala ta taso bayan an canza sunaye.

R8 ba ya ɓoye rubutun da ke cikin lambobin. Wannan sai wasu kayan aiki irin su DexGuard, wanda na kuɗi ne. Daga nan ka sa wa manhajar hannu da mabuɗinka, ka haɗa ta da Play Integrity domin a gane kwafin da aka taɓa.

A ganina mataki mafi muhimmanci shi ne kada ka bar sirri a cikin waya. Rikitawa jinkirta ɓarawo take yi, mai naci zai warware ta. Mabuɗan sirri da tantance wanda ya biya su zauna a sabarka.

Doka ma tana bayanka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta haramta karya irin wannan kariya. Idan an sace maka aiki, ka kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, hedikwatarta na nan Abuja.