Yadda Ake Ɗaura Shakazoba A Motar Akori-Kura Da Aka Rage Wa Tsayi

Ana jawo hankalin direbobi da makanikai da masu motocin akori-kura a kan wani kuskure da ke jawo haɗari a hanyoyinmu. Wasu sukan rage tsayin mota daga ƙasa, wasu kuma nauyin kaya ne ke kwantar da sifirin ɗinta. Ko ta wace hanya abin ya faru, zaman shakazoba ya canza, kuma wajibi ne a sake duba shi.

Aikin shakazoba shi ne hana mota yin tsalle, domin taya ta riƙa manne da ƙasa. Tayar da ke tsalle ba ta kama birki, ba ta kuma bin sitiyari.

Shakazoba iri biyu ne. Na farko mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya. Mai yana kwance a ƙasansa, iska tana sama. Shi wannan tilas gangar jikinsa ta kasance a ƙasa, sandar a sama. In aka kifa shi, iska za ta gauraya da mai, ya yi kumfa, ya daina riƙe mota. Na biyu mai bututu ɗaya, wanda aka raba mai da gas a cikinsa da wani fistin. Wannan yana aiki ta kowace fuska, amma duk da haka a bi umarnin kamfanin da ya ƙera shi.

Sai batun karkata. Idan aka saukar da mota, shakazoban baya yakan ƙara kwantawa. A karkatar digiri 30, kashi 87 cikin 100 na motsin taya ne kawai ke isa gare shi. A digiri 45 kuwa kashi 71. Mai bututu biyu kada ya wuce digiri 45. In ya kwanta da yawa, a sauya masa mazauni don ya miƙe.

A kiyaye waɗannan ƙa'idodi:

1. A sa shakazoba gajere wanda ya dace da sabon tsayin mota. Dogo zai ƙure a cikin rami, ya lalace ko ya karya mazauninsa.
2. Robar tsayar da aksul ta riga taɓawa kafin shakazoba ya ƙure.
3. In kamfani ya sa ɗaya a gaban aksul ɗaya a baya, a bar su haka, gama wannan ne ke hana aksul murɗawa.
4. Kada a ɗaure noti sosai sai an sauke mota daga jak, nauyinta ya hau tayoyi.
5. A canza dama da hagu tare.

Bayan an gama, a danna bayan mota da ƙarfi a saki. In ta tashi sau ɗaya ta tsaya, aiki ya yi. In ta ci gaba da lilo, kada a ɗauki mutum ko kaya sai an koma wurin makaniki.