Darasin Noma: Azola, Ɗan Tsiron Ruwa Mai Ciyar da Kaji

Da rani dusa takan yi tsada a kasuwar Shuwarin. Ɗanyen ganye ma yakan yi wuya. Sai kaji su rame, ƙwai ya ragu. Masu kiwo a Dutse da Kiyawa da Jahun sun san wannan wahala. Akwai ɗan tsiron da zai rage ta. Masana suna kiransa azola.

Mene ne azola?

Tsiro ne mai zama a kan ruwa kamar kainuwa, amma bai fi farcen babban yatsa girma ba. Ba ya fure. Karyewa yake yi ya yaɗu. Yana fitowa da kansa a tafkunan Afirka ta Yamma. A cikin ganyensa akwai ƙananan halittu masu jawo sinadarin taki daga iska. Shi ya sa yake gina jikin kaji. Manoman ƙasar Sin sun shekara ɗaruruwa suna takin shinkafa da shi.

Yadda ake dasa shi

1. A haƙa rami a bayan gida, tsawo mita 2, faɗi mita 1, zurfi taƙi ɗaya.
2. A shimfiɗa leda mai kauri, don kada ruwa ya tsiyaye.
3. A zuba tankaɗaɗɗiyar ƙasa bokiti ɗaya, da kashin shanu kwano ɗaya.
4. A zuba ruwa ya kai rabin ramin.
5. A watsa irin a kai. A tambayi malamin gona na JARDA inda za a samu.
6. A kafa rumfar zana a sama.

Cikin mako 2 yakan rufe ruwan. Daga nan sai a riƙa ɗiba kaɗan kullum da rariya. A wanke shi, a kwaɓa da dusa. Ƙari ne a kan abincin kaji, ba a daina ba su hatsi.

A lura

Zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yana kashe shi. Idan ya yi ja, a ƙara inuwa da kashin shanu. Kada a kwashe da yawa, domin sauro yakan yi ƙwai inda ruwa ya buɗe. A killace ramin saboda yara da awaki.

Tambayoyi

1. Don me ake kafa rumfa?
2. Me za a yi idan azola ya yi ja?