Yadda ake tsarkake ƙasar da mai ya gurɓata a yankin Ogoni

Tun 1993 kamfanin Shell ya daina haƙo mai a yankin Ogoni na Jihar Ribas, amma man da ya malala yana nan daram a cikin ƙasa. A 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gano cewa mutanen Nisisioken Ogale suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, fiye da ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Gyaran wannan ɓarna ne aka ɗora wa hukumar HYPREP.

Kafin a taɓa ƙasa, sai an toshe inda man ke yoyo, tsohon bututu ne ko tanki, in ba haka ba an yi aikin baban giwa. A kuma kawo wa jama'a ruwan sha daga wani wuri, domin ƙishirwa ba ta jiran a gama kwangila.

Sai awo, kuma a ganina a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Ana huda ƙasa a wurare da yawa, a ɗebo samfuri daga zurfi daban-daban, a kai ɗakin gwaji. Ido ba ya isa shaida. Fili zai iya yin kore shar da ciyawa alhali mai na kwance a ƙarƙashinsa. A Ogoni an same shi ya nutse har zurfin mita 5. Shi ya sa tsohuwar dabarar kafce saman ƙasa a barbaɗa taki a tafi ba ta yi magani ba. An gyara sama, an bar dafin yana gangarawa cikin ruwan da ake sha. A Ejama-Ebubu, bayan shekara 40 da malalar mai, wurin bai warke ba duk da an sha gwada share shi.

Idan an san faɗi da zurfin ɓarnar, sai katafila ta kwashe gurɓatacciyar ƙasar, tifa ta kai ta wani fili da aka shimfiɗa wa leda mai kauri don kada mai ya sake tsiyaya ƙasa. A nan ƙwayoyin bakteriya ne ma'aikatan gaskiya, domin mai abincinsu ne. Abin da suke bukata shi ne iska, danshi da taki mai naitirojin da fosforas. Don haka ake yayyafa ruwa, ana juya ƙasar a kai a kai kamar yadda manomi ke juya takin gargajiya. Bayan watanni a sake gwadawa. In man ya ragu zuwa ƙa'ida, a mai da ƙasar raminta.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi wuya. A Ogale an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kansa. Ana haƙa rijiyoyi a zuƙe man da ke sama, a janyo ruwan a bi da shi ta na'urar da ke raba mai da ruwa, sannan a tace shi da gawayi na musamman.

A fadamun bakin teku irin na Bodo kuwa, manyan injuna ba sa shiga, taɓo ne. Ma'aikata ne ke tura ruwa a hankali cikin laka, man ya taso, a tare shi da shingen roba mai yawo a kwashe. Daga nan a dasa itatuwan mangurof, waɗanda kifi da kaguwa ke hayayyafa a saiwoyinsu.

Ɗan kwangila ba shi zai ce ya gama ba. Hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai ce za ta ɗebi nata samfurin ta tabbatar, kuma a bar rijiyoyin gwaji ana duba ruwan shekara da shekaru. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ƙiyasta cewa farfaɗo da Ogoni gaba ɗaya zai ci shekara 25 zuwa 30.