Taurarin da ke duba ƙasarmu

Mutumin da ke tsaye cikin gona, kunyoyin da ke gabansa kaɗai yake gani. In ya hau gawo, zai ga gonar duka. In ya hau dutsi, zai ga gari da dajin da ke kewaye da shi. Saboda haka ne masana suka ƙera na'urori masu ɗaukar hoto, suka harba su sama. Ana kiran su taurarin ɗan Adam. Suna auna ƙasa daga nesa ba tare da sun taɓa ta ba.

A shekara ta 1972 Amurka ta harba Landsat na farko. Faransa ta harba nata, mai suna SPOT, a 1986. Landsat na 9, wanda aka harba a 2021, yana tafiya kilometir 705 bisa kawunanmu. Kowane kwana 16 yana komowa bisa wuri guda, ya sake ɗaukar hotonsa. In aka jera hoton bara da na bana, sai a gane abin da ya sake.

Yaya tauraro yake gane tsiro?

Hasken rana yana faɗa wa ƙasa, sannan ya koma sama. Rairayi, ruwa da ganye, kowane da irin hasken da yake maidawa. Akwai wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani. Ɗanyen ganye yana maida shi da yawa, busasshe kaɗan, ruwa kuwa shanye shi yake yi. Na'urar tauraro tana auna wannan haske, ta aiko da lissafin ƙasa. Kwamfuta sai ta zana taswira mai nuna inda ciyawa ta fito da inda hatsi ya ƙone.

Sababbin na'urori

Hoton tauraro ɗigo-ɗigo ne, kamar saƙar tabarma. A hoton Landsat na yanzu, ɗigo guda fili ne mai metir 30 tsawo, metir 30 faɗi. Ba a iya ganin icce guda a ciki. Sentinel-2 na ƙasashen Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, ɗigonsa metir 10 ne. Akwai ma taurarin da ɗigonsu rabin metir ne. Da irin hotunansu masana suka koya wa kwamfuta gane icce. A 2020 suka ba da labarin cewa sun ƙirga itatuwa fiye da miliyon 1800 a yammacin Sahara da Sahel, inda da ake zaton babu itatuwa da yawa.

Da damina girgije yana rufe ƙasa, hoto ba ya fita. Maganin wannan shi ne radar. Tauraro mai radar, kamar Sentinel-1, shi yake aiko da saƙonsa ƙasa, ya saurari dawowarsa, kamar yadda murya take dawowa daga rijiya. Saƙon yana ratsa girgije, yana aiki dare da rana. Da shi ake gane filayen da ambaliya ta ci.

Abin da hotuna suka nuna

Wajen 1963 faɗin tabkin Cadi ya kai kilometir murabba'i 25 000. Bayan farin 1973 da na 1984, hotuna sun nuna ruwan bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba. Tun lokacin yana ƙaruwa yana raguwa, gwargwadon damina.

Hotuna sun kawo labari mai daɗi kuma. Bayan 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka kama sassaben zamani. In sun tarar da kututture ya tofo cikin gona, sai su bar rassa masu ƙarfi, su datse saura. Da masana suka gwada tsofaffin hotuna da sababbi, sai suka ga gawo da sauran itatuwa sun komo bisa fili wajen hekta miliyon 5. Manoma ne suka yi aikin da hannunsu, tauraro ya nuna wa duniya.

A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974. Ma'aikatanta suna duba hotunan taurari duk damina. In sun ga ciyawa ba ta fito ba a wani yanki, sai su sanar da hukuma tun da wuri, a tanadi hatsi da abincin bisashe. In kuwa ciyawa ta fito cikin hamada, sai a tura masu neman farin dango, don nan take haihuwa.

Amma tauraro bai san kome da kome ba. Yana iya ganin kore, ya kasa bambanta gero da ciyawa. Dole malamin gona ya je wurin, ya duba, ya tambayi manomi da makiyayi. Sai an haɗa hoto da maganarsu ake samun taswira ta gaskiya.

Kalmomi

Tauraron ɗan Adam : le satellite
Auna ƙasa daga nesa : la télédétection
Taswira : la carte
Farin dango : le criquet pèlerin

Tambayoyi

1. Bayan kwana nawa Landsat yake komowa bisa wuri guda?
2. Wane aiki radar yake yi da damina?
3. Su wa suka maido da itatuwa a gonakin Maraɗi da Damagaram?
4. Don me malamin gona yake zuwa daji, ko da yana da hoto?

Aiki

Ku zana filin makarantarku kamar yadda shirwa take ganinsa daga sama. Ku sa ɗigo wurin kowane icce, ku ƙirga su. Ku tambayi wani dattijo ko itatuwan sun fi haka yawa a zamanin ƙuruciyarsa.