Darasin Lafiya: Mugun Hali Ne Ko Ciwo?

Darasinmu na wannan wata a kan mutumin da halinsa ya gagari 'yan uwa ne. A ƙauyukanmu na Gwandu da Kalgo, in mutum ya cika faɗa da zargin mutane, wasu su ce mugun hali ne, wasu su ce iska ce. Likitoci kuwa sai sun rarrabe, domin maganin ba ɗaya ba ne.

Akwai abin da suke kira lalurar hali. Mai ita yana cikin hankalinsa. Ya san mutane, yana zuwa gona da kasuwa. Amma tun tasowarsa haka yake, ba ya zama lafiya da kowa, gida da waje. Aure ya mutu, a sake wani ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a cewa mutum yana da wannan lalura sai halin ya daɗe, kamar shekara 2 ko fiye, kuma yana ɓata masa zama da jama'a.

Saboda haka tambayar farko ita ce: tun yaushe?

In mutum lafiya lau yake jiya, yau ya rikice yana sambatu, a taɓa jikinsa. Akwai zazzaɓi? Wuyansa ya sage? Wannan yana iya zama sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Mutanen Gwandu ba su manta ba. A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta ba da sanarwar rasuwar mutum 26 a ɓarkewar sanƙarau a Gwandu da Jega da Aliero. Irin wannan majinyaci ba a ɗaure shi a ɗaki a jira gari ya waye. A kai shi asibiti a take.

Haka mai jegon da ta daina barci tana surutai bayan haihuwa. Ba ƙiyayyar miji ba ce, ciwo ne, kuma yana jin magani. Tsohon da ya fara mantuwa yana zargin jikoki da sata, shi ma ba halinsa ba ne. Saurayin da ya sauya cikin 'yan watanni kuwa, a binciki aljihunsa, ko akwai wiwi ko tiramol.

Mai taɓin hankali yakan ji muryoyin da babu, kuma danginsa za su ce da ba haka yake ba. Mai lalurar hali kuwa cewa ake yi, "Ai haka muka san shi." Ƙwaya kaɗai ba ta gyara wannan. Sai zama da ƙwararru ana tattaunawa, da haƙurin 'yan uwa.

In za ku asibitin Gwandu ko na Kalgo, ku tafi da wanda ya san majinyacin tun yana yaro, da kwalin duk maganin da yake sha. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, Jihar Sakkwato.